Wasiƙar Godiya Ga Masu Hoton Da Suka Ƙi Goge Mini Tabo

Zuwa ga maigidan shagon ɗaukar hoto da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku sannu da aiki.

Na riga na zo na yi muku godiya baki da baki, Malam, kuka ce ba komai, ai aikinku ne. To ni a wurina akwai komai, shi ya sa na ga ya dace in maimaita ta a bainar jama'a. Yabon gwani ya zama dole. Ba lallai ku tuna da ni ba, don mutanen da ke zama kan wannan kujera taku a rana ba kaɗan ba ne. Ni ce matar da ta shigo da tsohuwa mai tabarau da jariri ɗan wata huɗu a kafaɗa, fuskata a murtuke, hannuna riƙe da ambulan cike da hotunan da aka ƙi karɓa.

Tafiya biyu ce ta taso mana a lokaci guda. Mama za ta Amurka wurin ƙanwata, ni da yaro kuma za mu ziyarci maigidana da ke karatu a Jamus. Na haɗa takardu kala-kala, na bi kowacce layi-layi, amma hoto ko a jikina. Hoto fa? Na tsayar da Mama jikin bangon ɗaki na ɗauke ta da waya. Fom ɗin DS-160 na neman bizar Amurka ya ƙi hoton har sau uku. Daga nan muka shiga wani shago da ba zan faɗi sunansa ba, inda ba a tambaye mu komai ba: aka ƙyasta, aka canza bayan hoton da kwamfuta ya koma fari fat, aka yanka mana mu uku girma ɗaya. Ranar da na je miƙa takardun bizar Jamus, ma'aikaciyar ta dubi hotona sau ɗaya ta turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi, ta ce kan ya yi ƙanƙanta. Haka na rasa ranar, sai da na sake neman wata. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a wurinku shi ne tambayar da kuka tare ni da ita tun ban zauna ba: "Hajiya, wace ƙasa?"

Na ce hoton fasfo kawai nake so, a yi mini da sauri.

Kuka ce, "Ai hoton fasfo ba ɗaya ba ne, Hajiya. Faɗa mini inda za ku."

Sai kuka nuna mini takardar nan da ke manne a bango, wadda gefenta ya yi duhu saboda yawan taɓawa. Amurka murabba'i take so, inci 2 tsawo inci 2 faɗi, wato milimita 51 kowane gefe, kai kuma daga haɓa zuwa tsakar ka ya kasance tsakanin milimita 25 da 35. Jamus da sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, milimita 35 faɗi 45 tsawo, kuma fuska ta cika kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hoton, wato kamar milimita 32 zuwa 36. Sin nata daban, 33 da 48. Kuka karɓi ambulan ɗina, kuka zaro hotona, kuka aza masa rula a gabana. Milimita 27. Kuka ce da a ce an bar shi murabba'i, wannan kan ya isa a Amurka, amma an ɗauko kan Amurka an saka shi a firam ɗin Turai, ya zama bai yi wa kowa ba. A nan ne na gane cewa milimita biyar ce ta cinye mini rana guda. Biyar fa, abin da bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsana ba.

Na Mama ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan nake so in gode wa 'yar budurwar da ke aiki tare da ku. Mama ta yi shekara ashirin da tabarau a fuskarta, ko mu 'ya'yanta ba mu cika ganinta babu shi ba. Da aka ce ta cire, ta ce ita ba za a gane ta ba. Yarinyar nan ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba mu muka ƙi ba. Tun 1 ga Nuwamba 2016 Amurka ta daina karɓar hoton biza ko na fasfo da tabarau, sai wanda likita ya rubuta wa takarda cewa ba zai iya cirewa ba." Ta bayyana mata cewa gilashin yana ɗaukar hasken fitila ya rufe ƙwayar ido, sandarsa kuma tana yanka gefen ido. Ta karɓi tabaran da hannu biyu, ta riƙe shi a inda Mama za ta riƙa hango shi har aka gama.

Sai batun mayafi. Ni na zo da tsoron za a ce sai an cire, har na shirya faɗa. Ashe ba haka ba ne. Kuka ce wanda yake rufe kai kullum saboda addini ana karɓar hotonsa a haka, sharaɗin kawai a ga fuska gaba ɗayanta, daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, da gefe da gefe, kuma kada mayafin ya jefa inuwa a fuska. Matsalar Mama ita ce fari ta yafa, bayan hoton Amurka kuma fari ne ko mai kusa da fari, don haka sai kafaɗunta su narke cikin labulen, fuska ta rage tana reto ita kaɗai. Muka yi musaya, na ba ta nawa mai duhu. Ku kuma, Malam, kuka juya baya kuna gyara fitila har yarinyar ta gama ja mata shi baya daga goshi ta daidaita gefen kumatu. Ba wanda ya ce ku yi hakan. Mama ta lura, kuma har yau tana faɗa.

Na kuma lura da yadda kuka ja kujerar nesa da labule kaɗan, kuka kunna fitila biyu, dama da hagu, sannan ku da kanku kuka ja baya kamar taku biyu kafin ku ɗaga kyamara. Da na tambaya kuka ce wanda ya manne da bango inuwarsa tana bin bayansa, kyamarar da ta matso kusa kuma tana kumbura hanci ta matse gefen fuska. Laifin hoton da na ɗauka da waya ke nan: inuwa a bango, fitilar ɗaki ta haska rabin fuska ta bar rabi, ga manhajar wayar ta shafe wa Mama tamoji ba tare da na sani ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ji haushinku a ranar, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Ina da tabo a kuncin hagu tun ina ƙarama. Da hotona ya fito a kwamfuta, na sunkuya na ce wa yarinyar a hankali ta ɗan goge shi, ta kuma ɗan haska fatar. Ta dube ku. Kuka yi murmushi kuka ce, "Hajiya, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. In hoton ratayewa a falo kike so, ki dawo in yi miki wanda ke kanki ba za ki gane kanki ba. Wannan kuwa na'ura ce za ta duba shi."

Ban ji daɗi ba, gaskiya. Amma bayanin da kuka yi ya zauna mini, kuma da na koma gida na bi diddiginsa na tarar haka yake. Akwai hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada, ita ke tsara yadda fasfo zai kasance a kundinta mai lamba 9303. A 2003 ta tsayar da fuska a matsayin babbar alamar da za a riƙa tantance matafiyi da ita a duk duniya, zanen yatsa da ƙwayar ido su zama ƙari ga ƙasar da ta so. Fasfon zamani yana da ɗan guntun na'ura a cikinsa wanda ke ɗauke da hoton mai shi, kuma ƙofofin nan na filin jirgi masu buɗe kansu suna gwada wannan hoton ne da fuskar da ke tsaye gabansu. Na'ura ba ta san kyau ba. Tazarar ido da ido ta sani, da inda hanci ya tsaya, da siffar haɓa. Shi ya sa ake cewa a rufe baki, a buɗe ido, a kalli kyamara sak, kada a karkata kai kamar mai hoton biki, domin dariya da karkata suna motsa waɗannan ma'aunai. Hoton da aka yi wa kwalliya kuwa hoton wani ne daban da ya yi kama da mai shi. Amurka ta rubuta ƙarara cewa ba ta karɓar hoton da aka sauya da kwamfuta ko manhajar waya. Maigidana ma ya ce mini a Jamus, tun 1 ga Mayu 2025, hoton fasfon 'yan ƙasar da na katin shaida ba a kawo shi a takarda, sai dai a ɗauka a ofis ko mai hoto ya tura kai tsaye ta amintacciyar hanya, saboda masu haɗa fuskokin mutum biyu da kwamfuta su zama ɗaya. Da kun bi son raina, da na fita ina yi muku godiya ranar, in dawo ina zaginku bayan sati biyu.

Jaririn ne na ɗauka zai gagara. Ba ya zama, ba ya riƙe wuya sosai, kuma doka ta ce shi kaɗai za a gani a hoton, ban da hannun uwa, ban da abin wasa, ban da robar tsotso. Sai kuka shimfiɗa farin zani a kan tebur mai laushi, kuka miƙe shi tas har babu inda ya yamutse, muka kwantar da shi rigingine, kuka hau ɗan benci kuka ɗauko shi daga sama. Yarinyar ta tsaya bayanku tana kaɗa makullai don ya dubi kyamara. Ya yi hamma, ya yi atishawa, ya cusa hannu a baki, ya juya yana nemana. Na ƙirga, sau goma sha tara kuka ƙyasta. Na ce a haƙura da wanda ya ɗan lumshe ido, kuka ce lallai ana sassauta wa jarirai, Ingila ma ba ta tilasta wa ɗan ƙasa da shekara ɗaya buɗe ido, amma tunda yaron a farke yake, me zai hana a samu mai kyau? Na ashirin ya fito ido biyu tar, baki a rufe, kamar wani babban mutum da aka ɓata wa rai.

Ba ku sallame mu da takarda kaɗai ba. Na Mama kun gyara mata na intanet daidai ƙa'idar fom ɗin: murabba'i, fiksel 600 zuwa 1200 kowane gefe, samfurin JPEG, nauyinsa bai wuce kilobait 240 ba. Kuka ce ta imel za ku turo, don tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba yana matse shi ya rage masa kyau. Ba mu tashi ba sai da muka ɗora shi a gabanku fom ya karɓa. Sannan kuka rubuta kwanan wata a bayan ambulan, ba a bayan hoton ba, kuka ce in tuna Amurka da ƙasashen Shengen ba sa son hoton da ya wuce wata shida, fasfon Ingila ma wata ɗaya ne, Kanada kuwa a hoton fasfonta sai mai hoto ya sa sunan shagonsa da adireshi da ranar ɗauka a baya. Ban da niyyar zuwa ko ɗaya daga cikin biyun nan, amma na ji daɗin zama gaban mutumin da ya san sana'arsa har inda ba a tambaye shi ba.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma zan faɗa tunda a fili nake magana: bencin jiranku ya yi kaɗan. Mai auna kowane hoto da rula dole layi ya taru masa, kuma ranar akwai wani dattijo da ya daɗe a tsaye. Ku ƙara ko kujera biyu ce.

An karɓi hotunanmu duka uku, ba wanda ya sake turo mini komai ta ƙarƙashin gilashi. Mama ta ce in gaishe ku, in gaishe da 'yarta mai riƙon tabarau. Har yanzu tana mitar cewa a hoton ta yi kama da wadda aka yi wa faɗa, amma ragowar kwafi biyun suna cikin jakarta, ta hana kowa. Ni kuma ina nan tafe karɓar na falon da kuka yi mini alkawari, sai dai na canza shawara, a bar mini tabona a wannan ma.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya ƙara ciniki.

Taku mai godiya,
Uwar jaririn nan mai hoto ashirin.