Abin da mai ciki da mijinta ke nema a ajin da suka biya kuɗinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Mu ungozomomi ne da ma'aikatan jinya a Garwa. Abin da ya sa muka rubuto shi ne azuzuwan da wasu asibitocin kuɗi ke buɗewa, inda mai juna biyu za ta biya a zaunar da ita a yi mata bayanin ciki da haihuwa. Muna maraba da su, domin ranar awo layi kan yi tsawo, ungozoma ba ta da sararin amsa kowace tambaya. Sai dai wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa yana da haƙƙin komawa gida da abin da zai amfane shi ƙarfe biyun dare, lokacin da naƙuda ta tashi kuma babu likita kusa. Tambayoyin iyaye ba su wuce waɗannan ba: yaushe za mu tafi, me za mu riƙe, nawa za mu kashe, me ke nuna abu ya ɓaci?

Tun zaman farko a faɗa wa mace cewa aji ba ya maye gurbin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. A nan kunya ke mana ɓarna, musamman ga mai cikin fari da ke ɓoyewa har sai zani ya ƙi ɗauruwa. Kafin nan ta riga ta rasa watanni na ƙwayar ƙarin jini, ba a san rukunin jininta ba, ba a yi mata gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere ba.

Magungunan awo kuwa ana ba mata su ba tare da dalili ba, shi ya sa suke ƙarewa a ƙarƙashin katifa. Ƙwayar ƙarin jini ɗaya ce kullum. Tana baƙanta bayan gida, wannan ba ciwo ba ne. Kada a kora ta da shayi, domin shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ƙwaya 3 ne a haɗiye lokaci ɗaya a gaban ma'aikaci, daga mako na 13, a bar wata guda tsakani, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Wadda ke shan kotirimoksazol kullum saboda ƙanjamau ba a ba ta shi. A bakin Binuwai, inda sauro ba ya ɗaga ƙafa da damina, gidan sauro mai magani kowane dare ne. Allurar sarƙe-haƙora biyu ce ga wadda ba ta taɓa yi ba, wata guda tsakaninsu, ta biyun ta riga haihuwa da aƙalla mako biyu.

Inda muke so malaman aji su daɗe shi ne alamomin haɗari, kuma a nuna su a gani da ido. Idan aka ce wa mace zubar jini mai yawa, ba ta san iyakarsa ba, tunda kowace haihuwa da jini take zuwa. A auna rabin lita na zoɓo, a shimfiɗa tsohon zani a tsakiyar ɗaki, a zuba a hankali kowa na kallo. Wannan ne mililita 500, daga nan ake cewa jini ya ɓalle. Sannan a kama hannun kowace mace a nuna mata inda za ta lalubi mahaifa bayan haihuwa, daidai cibiya ko ƙasa kaɗan: ta ji ta da tauri kamar ƙwallo. In ta yi laushi, mahaifar ba ta tsuke ba, bakin jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe suke. A murza da tafin hannu, ta yi fitsari, a sa jariri a nono, ana yi ana neman mota. Mabiyiyar da ta wuce minti 30 ba ta faɗo ba, kada a ja igiyar.

Hawan jini kuma ba ya sallama. Awo ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, ga ciwon kai da ba ya jin magani, ido na ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: jijjiga ce ke tafe. Gidaje da yawa kan ɗauka iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi. A yi addu'a a hanya. In ta fara, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki.

Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, wato ta haura awa 12, ta gida ta ƙare. Kan jariri na danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, sai ƙarin rauni. Haka allurar ƙara naƙuda da wasu ke yi a gida, tana iya fasa mahaifa. Faya ta fashe, ko motsin ɗa ya ragu, ko jini ya zo kafin haihuwa ko da kaɗan ne, a tafi ba jiran gari ya waye.

Duk wannan, in mace kaɗai ta ji, rabin aiki aka yi. Ba ita ke ba da izinin fita ba, ba ita ke riƙe da kuɗin mota ba. Ajin da ya san abin da yake yi zai ware zama ɗaya na maza, da yamma bayan an tashi daga kasuwa, ya kuma gayyato uwar miji da uwar mace, a yi magana da Hausa da Fulatanci, a ajiye Faransancin takarda. A zaman maza a fito da abubuwa ƙarara: izini tun yanzu, ko maigida yana tafiya; lambar direba biyu, domin babur ba ya ɗaukar mai jijjiga; 'yan'uwa biyu da aka gwada jininsu, a shirye su bayar; wace hanya za a bi in mayo, wato kogi, ya cika a watan Agusta. A yi musu bayanin Chèque Santé, wato takardar da mai ciki ke saya sefa 6,000 domin awo da haihuwa, da asibitocin da ke karɓarsa da abin da ya ƙunsa, ko da asibitin da ke koyarwar ba ya ciki. Mai zuwa goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da karnenta, wato katin awo, ta san asibitin can kafin wata na tara.

Iyayen mata kuma da su za a tattauna jego, cikin girmamawa. Wanka da ruwan ɗumi ba laifi, amma ruwan da ke ƙona fata safe da yamma har kwana arba'in, haɗe da kunun kanwa mai yawa, yana ɗora wa zuciya nauyi, musamman ga wadda ta yi hawan jini. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ƙafa na kumbura, asibiti za a kai ta. Dakashi, ruwan nonon farko mai rawaya, ba a matse shi a zubar. Jariri ya kama nono cikin awar farko. A kawo 'yar tsana a nuna kamun: baki buɗe sosai, haɓa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje. A jinkirta wankansa zuwa awa 24. Cibiya ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma, sai maganin da asibiti ya bayar. Ruwa kuwa, ko a zafin Maris da Afrilu, ba a ba shi har wata 6. Uwar ce za ta yawaita sha.

Muna roƙon ka, Edita, ka gayyato masu waɗannan azuzuwa su faɗi wanda ke koyarwa da takardar da yake riƙe da ita, zama nawa ne, nawa ake biya, da kuma asibitin da suke tura mace idan tana bukatar tiyata ko ƙarin jini cikin dare.

Wassalam,
Wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya, Garwa, Kamaru