Wasiƙa zuwa ga ɗana, bayan rasuwar Baba mai gareji

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu? Mamanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Baba mai gareji ya rasu ranar Talata. Na san labarin zai taɓa ka, shi ya sa na zaɓi in rubuto maka maimakon waya.

Lokacin da na sauka birnin Greensboro na Amurka daga Maraɗi ina tuƙin tasi, ban san kowa ba sai 'yan uwanmu 'yan Nijar. Su suka nuna mini garejinsa. Ranar farko bai ko buɗe bonet ba, ya ce in tayar da mota, ya karkata kunne, sannan ya ce fulogi ɗaya ne ya mutu. Wani makaniken ya riga ya ce mini sai an sauke inji. Kuɗin fulogi kawai Baba ya karɓa. Shekara ashirin da 'yan kai ban sake kai mota wani wuri ba. Bature ne, addininmu daban, amma ko sau ɗaya ban taɓa kama shi da ƙarya a kan aiki ba. A garin aka haife shi, a garejin nan ya tsufa, baƙin mai bai taɓa barin ƙasan farcensa ba.

Ka tuna daren Asabar da yake kwasar mu zuwa filin Bowman Gray a Winston-Salem? Da'irar ba ta wuce rubu'in mil ba, tun 1949 ake tseren NASCAR a cikinta, wato babbar gasar tseren motoci ta Amurka. Kana toshe kunne saboda rugugi, shi kuwa yana gaya maka wace mota ce injinta zai ba da matsala tun kafin hayaƙi ya tashi. Gwaninsa Richard Petty, mai lamba 43, ɗan Level Cross nan kusa da mu, wanda ya ci tsere 200. In ya fara ba da labarinsa sai shayi ya huce.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Takardar 'yan sanda ta iso gida, na ga gudun da ka yi a hanyar I-40. Ban gaya wa mamanka ba tukuna.

Ɗana, ban san mutumin da ya fi Baba son gudu ba, amma ka taɓa ganin ya taka mota a titi? Da tsohuwar a-kori-kurarsa kowa ke wuce shi. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya nuna mini hoton Dale Earnhardt da ke manne jikin bango. Wannan mutum sau 7 yana zama zakaran NASCAR. Ranar 18 ga Fabrairu 2001, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, ya daki katanga, ya mutu. Yana sanye da hular kwano, yana ɗaure da bel, motarsa na da ƙarafan kariya, likitoci na tsaye a gefe, kowa kuma hanya ɗaya ya nufa. Baba ya ce in hakan ta sami gwani a fili, ina ga yaro a titin da mai ciki da tsoho da ɗan makaranta ke bi? Kai ba ranka kaɗai ka ɗauka ba, har da na mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Ban hana ka son inji ba, a gaban Baba ka koye shi, kuma ina alfahari da hakan. Matarsa ta ce ya bar maka jan akwatin sufanunsa, wanda yake hana kowa taɓawa. Ka zo ranar Juma'a, bayan masallaci mu je mu yi mata gaisuwa, ka karɓa da hannunka. Ka taso da wuri don kada ka yi sauri a hanya.

Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya yi maka albarka.

Mahaifinka