A yi hattara da ƙiyasin shekarun yara ta hoton haƙori

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin alƙalai da likitocinmu kan batun tantance shekarun yaron da ba shi da takardar haihuwa, musamman idan ya tsinci kansa a gaban kotu, inda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne.

Haƙori shaida ne mai amfani, domin matauni na farko na dindindin yakan fito ne wajen shekara 6, lokacin da yaro ya fara famfara, na biyu kuma wajen shekara 12, sannan hoton eksire yana nuna yadda saiwar haƙori ke girma a cikin muƙamuƙi tun kafin ya huda dasashi. Sai dai hanyar ƙiyasin shekaru ta masani Demirjian da aka fi amfani da ita, wadda ke duba haƙora 7 na ƙasa a ɓangaren hagu, an tsara ta ne a 1973 bisa hotunan yaran Kanada, kuma a ƙasashe da dama an ga tana ƙara wa yara shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne, bayan shekara 15 ko 16 kusan matauni na ƙarshe kaɗai ya rage yana girma, alhali shi ne ya fi kowane haƙori saɓani tsakanin mutum da mutum. Saboda haka ina roƙon asibitocin koyarwa su tattara ma'aunin girman haƙoran yaranmu, kotuna kuma su riƙa karɓar sakamakon a matsayin ƙiyasi mai tazara, tare da sauran shaidu.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya