Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Barau Jibrin Kan Kujerun Nijar

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A watan Mayun 2024, da Majalisar ECOWAS ta yi zama a Kano, kai da bakinka ka kawo shawarar kafa kwamitin sulhu da Nijar da Mali da Burkina Faso. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata. Kujeru 6 da Nijar ke da su cikin 115 sun tashi, kuma ba a samar da wani zauren da wakilan Maraɗi da Damagaram za su fuskanci na Katsina da Jigawa ba. Ina aka kwana?

Ba muna cewa a ba ɗan siyasar Nijar kujera a Majalisar Dokokin Najeriya ba. Sashe na 65 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan ƙasa, kuma daidai ne. Wanda ba talakawan mazaɓa suka zaɓa ba, bai kamata ya kaɗa ƙuri'a kan harajinsu ba. Amma ƙuri'a daban, jin ta bakin maƙwabci daban. Kwamitocin Majalisar Dattawa na da ikon gayyatar mutum ya yi bayani. A yi amfani da wannan ikon: zama biyu a shekara, ɗaya a Kano ɗaya a Maraɗi, baƙi su yi magana ba tare da ƙuri'a ba, a rubuta abin da aka tsayar, a miƙa wa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da ke Yamai tun 1971.

Mun san cikas ɗin. An rusa majalisar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, za a ce waɗanda za su zo ba zaɓaɓɓu ba ne. To, a kira su baƙi, a haɗa da sarakuna da shugabannin 'yan kasuwa, kada a kira su 'yan majalisa. Da aka rufe iyaka aka yanke wuta a 2023, wa ya tambayi mai albasa a Ƙonni ko direban Jibiya? Kaya sun ruɓe a kan motoci har aka buɗe a Maris 2024.

Yardar da ECOWAS ta yi a ci gaba da shige da fice da katin shaida ta wucin gadi ce. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ga ɓarayin daji, duk batutuwa ne da sai an zauna da maƙwabci. Don Allah, ranka ya daɗe, ka gabatar da ƙudurin wannan zama a zauren Majalisar Dattawa, ka sa masa rana.