Barka da Sallah daga Duisburg

Duisburg, Jamus
10 ga Zulhajji 1446, 6 ga Yuni 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Goggo, da Auta, da duk mutanen gida manya da yara. Surukarku tana gaishe ku da kyau, jikokinku kuma suna ta tambayar yaushe za a kai su Kaduna su ga Kaka.

Yaya ya turo mini hoton ragon, na kuwa ji daɗi, ya iya zaɓe. A nan doka ba ta yarda mutum ya kayar da dabba a ƙofar gida ba, sai a mayanka mai izini, shi ya sa na fi son a yi mini layyata a gabanku. Inna, don Allah kada a ba kowa soyayyen nama ko kilishi ya kawo mini kamar yadda kuka ce, ma'aikatan kwastan ƙwacewa suke yi, har a ci mutum tara. In an samu mai tahowa, kuka da yaji da kuɓewa busasshiya sun wadatar.

Mun yi Idi a babban masallacin unguwar Marxloh, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2008. Sallah ba ranar hutu ba ce a ƙasar nan, daga cikin hutuna na shekara na ciri yau. Ana sallamewa na ga mutane da yawa ko huɗuba ba su tsaya ji ba, kayan aiki na ƙarƙashin jallabiya, suna sauri kada jirgin cikin gari ya wuce su.

Baba, na ji saƙonku a kan Auta, da maganar sayar da filin nan a biya mutumin da ya ce zai shigo da shi Turai. Zancen ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ina roƙon ku yi haƙuri da tsawonsa, ku kuma sa a karanta a gaban Auta.

Yankin da muke ana ce masa Ruhr. Garuruwa ne a manne da juna, Duisburg da Essen da Bochum da Dortmund da Gelsenkirchen da sauransu, mutum wajen miliyan 5, ka fita wannan gari ka shiga wancan ba ka sani ba. Kwal da ƙarfe ne suka kafa su. A tsakiyar shekarun 1950 kusan mutum dubu 500 ne ke aiki a ramukan kwal na yankin nan kaɗai. Da hannu ya yi ƙaranci, Jamus ta shiga neman ma'aikata daga waje, ta ƙulla yarjejeniya da Italiya da Girka da Sifen, sannan da Turkiyya a 1961.

Maƙwabcinmu na bene na ƙasa, wani dattijo Baturke, yana cikin waɗanda suka zo a wancan zamani. Ya ce a Istanbul likita ya duba haƙoransa da ƙirjinsa, aka zuba su a jirgin ƙasa, kafin sati ya zagayo yana cikin rami, ko gaisuwa bai iya da Jamusanci ba. Yau da na sauka kai masa abincin Sallah ya riƙe hannuna, na sake ganin tabban nan masu shuɗi-shuɗi a bayan hannunsa, inda ƙurar kwal ta shiga ciwo fata ta rufe a kanta. Hawa bene ɗaya sai ya tsaya sau biyu yana haki. Amma da wannan aikin ya aurar da 'ya'yansa, ya gina gida a garinsu, yana kuma cin fanshonsa. To, Jamus ɗin da mutanenmu ke ji labari a gida ita ce ta zamanin wannan dattijo, inda ƙarfin damtse kaɗai ya isa. Wallahi Baba, waccan Jamus ɗin ta wuce.

Ramin kwal na ƙarshe, Prosper-Haniel da ke Bottrop, an rufe shi a Disambar 2018. Ma'aikata suka fito da dunƙulen kwal na ƙarshe suka miƙa wa shugaban ƙasa Steinmeier, manyan maza suna share hawaye. Mahaƙar Zollverein ta Essen, wadda aka rufe tun 1986, yanzu wurin yawon buɗe ido ce, na kai yara sun gani. Abin da kwal ya bari shi ne ƙasar da ta lotsa, har wasu unguwanni sun koma ƙasa da kogi, dole injinan zuƙe ruwa su yi ta aiki dare da rana, ba ranar dainawa. A Bochum, Nokia ta kwashe a 2008, kamfanin mota na Opel ya rufe a ƙarshen 2014. A Dortmund kuwa kwance masana'antar ƙarfe aka yi ƙusa-ƙusa aka loda a jirgin ruwa zuwa Chaina.

Ƙarfe ne ya rage mana a Duisburg, nan ce cibiyarsa mafi girma a Turai. Da daddare in ana zuba narkakken ƙarfe sai ka ga sama ta yi ja ta wajen arewacin gari. Shi ma ɗin yana tangal-tangal. A watan Nuwamban bara kamfanin Thyssenkrupp ya sanar zai rage guraben aiki dubu 11 daga cikin wajen dubu 27 na ɓangaren ƙarfensa kafin 2030, wasu a soke su, wasu a miƙa wa 'yan kwangila. Tun da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 gas mai arha ya yanke, wuta ta yi tsada, ga ƙarfen Asiya ya cika kasuwa a farashin da ba a iya gasa da shi, ga kamfanonin mota da ke saye su ma ciniki ya ja baya. Yau a harabar masallaci, bayan barka da Sallah, zancen ke nan. Wani da muke sahu ɗaya, kakansa da ubansa duk a wannan masana'anta suka yi aiki, ya ce mini bai san abin da zai ce wa ɗansa ya koya ba.

Ba sai na yi muku dogon bayani ba, Baba, ku da kuka ga yadda Kakuri ta koma bayan masaƙu sun yi shiru. A nan dai akwai ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, IG Metall, akwai kuɗin da ake biyan wanda ya rasa aiki, ba a barin mutum da yunwa. Duk da haka unguwa tana mutuwa a tsaye. Mai gidan burodi ya rufe, mai shagon takalma ya bi shi, sai shagunan caca da na gyaran waya. Rashin aiki a ƙasa baki ɗaya wajen kashi 6 cikin 100 ne, amma a Duisburg ya ninka haka, a Gelsenkirchen ya ma fi. Idan ciki ya ɓaci kuma baƙo ake fara harara. A zaɓen watan Fabrairun bana, a Gelsenkirchen ɗin nan, garin ma'aikata, jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ce ta zo ta ɗaya a ƙuri'ar jam'iyyu. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don a nan 'ya'yana ke tashi.

Ni kun san a tashar jiragen ruwa nake. Ta Duisburg ita ce mafi girma a duniya cikin tashoshin da ke kan kogi, kaya na shigowa daga Rotterdam ta ruwa, wasu kuma ta jirgin ƙasa tun daga Chaina. Rumbun ajiyar da nake tuƙa motar ɗaga kaya a cikinsa yana Rheinhausen, a daidai filin da masana'antar Krupp take a da. Ma'aikatanta sun yi watanni suna gwagwarmaya a 1987 da 1988, har suka tare gadar kogi, amma a 1993 aka rufe ta. Irin aikin da ya maye gurbin na da ke nan, ɗaukar kwali da jera kwali da raba kaya gida-gida, albashinsa kuma bai kama ƙafar na ƙarfe ba. Yawancin baƙi ta hannun kamfanonin hayar ma'aikata suke shiga, kamar yadda na fara. Ranar da oda ta ragu, su ake fara cewa kada su zo gobe. Alhamdulillahi ni yanzu an ɗauke ni na dindindin, amma na daɗe ina kwana da waya a gefen kai ina jiran a ce in zo ko kada in zo.

Ga lissafin da nake so Auta ya ji da kunnensa. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne a awa. Wanda ya yi cikakken wata zai tashi da wajen 2,200 a takarda. Kafin ya shigo hannu an cire haraji da inshorar lafiya da ta fansho da ta rashin aiki, marar iyali ya tsira da kamar 1,600. A ciki zai biya haya, da wuta, da kuɗin ɗumama ɗaki wanda in babu shi sanyi zai kwantar da mutum, da tikitin mota da jirgi, yuro 58 duk wata a 2025, da abinci. Samari a gida suna buga 2,200 da canjin naira su ga miliyoyi, alhali da yuro ake kashe shi. Wannan ma lissafin mai takardar zama ne.

Wanda ya biyo hamada da teku, in Allah ya sa ya tsira da rai, neman mafaka zai yi, akasarin 'yan Najeriya kuwa ba a amsa musu. Sai a ba mutum wata 'yar takarda ta jinkirta kora, ana sabunta ta bayan 'yan watanni, wani ma a hana shi aiki. Akwai wani yaro ɗan arewa da ke zuwa cin tuwo gidanmu. Da takardar wani yake aiki, mai takardar yana yankar rabonsa duk wata, ba shi da bakin ƙara. In ya ji an taka bene da asuba sai gabansa ya faɗi, don da asuba ake zuwa kamen waɗanda za a mayar. Gonar gado aka sayar aka yi masa kuɗin hanya, kunya ta hana shi gaya wa mahaifiyarsa halin da yake ciki. Ba na so in ga ƙanena a wannan hali, ba na kuma so ku rabu da filin da kuka saya da guminku a kan haka.

Ba cewa nake kada ya zo ba. A garin nan da ake kukan rashin aiki, ana kuma kukan rashin ma'aikata. Waɗanda aka haifa a shekarun 1950 da 1960 suna ta yin ritaya, matasan da za su gaje su ba su kai yawansu ba. Asibitoci da gidajen kula da tsofaffi na neman ma'aikatan jinya ido rufe. Ana neman masu aikin lantarki, da masu haɗa famfo da na'urar ɗumama gida, da direbobin bas da na jirgi. In wayar wuta ta lalace maka a gida sai ka yi makonni kana jiran mai gyara. Sai dai duk waɗannan ƙofofi da abu biyu ake buɗe su, harshe da takardar shaidar sana'a. Bajamushe ba ya ɗaukar "na iya" sai ya ga takarda. Surukarku tana shekara ta biyu a koyon aikin jinya. Shekara 3 ake yi, wani lokaci a aji wani lokaci a wurin aiki, ana kuma biyanta tun daga watan farko. Ba ta gama ba amma wuraren aiki har sun fara yi mata tayi. Ta sha wuya da harshen nan, na sha ganinta bayan sallar isha tana haddar sunayen gaɓoɓin jiki yara na barci, amma ga shi ƙofa ta buɗe mata.

Auta yana da difloma a fannin lantarki, hannunsa kuma na da kyau, ni shaida ne. Abin da ya rage masa Jamusanci. Sai ya fara karatu yanzu, ya dage har ya kai matakin da ake kira B1, ya je cibiyar Goethe da ke Legas ya rubuta jarrabawa. Da wannan sakamako ana iya neman gurbin koyon sana'a a wani kamfani tun yana gida, in an samu ya nemi biza a ofishin jakadancin Jamus da kansa, ba ɗan tsakiya. Akwai kuma wani sabon kati da aka fito da shi a Yunin 2024, mai ba mutum shekara guda ya zo ya nemi aiki, amma shi sai an nuna kuɗin ci da kai sama da yuro 1,000 na kowane wata, don haka ban ga ya dace da mu ba. Hanyar koyon sana'ar ta fi. Za ta ɗauki lokaci, wataƙila shekara biyu, layin biza ma kansa akwai jira, ba zan ɓoye muku ba. Kuɗin makaranta da na jarrabawa da na zuwa Legas duk na ɗauka, ni kuma zan riƙa bi masa kamfanonin nan da takardunsa. Ko da Allah bai nufa ya zo ba, fili na nan, sana'arsa na nan, aikin sola kuma ga shi yana ta bunƙasa a gida.

Auta, kai kuma kada ka ji haushina. Na san zaman jira da ciwo, na san abokanka na turo hotuna a Facebook sun jingina da motoci. Ka kira ni mu yi magana ni da kai, ka tambaye ni duk abin da kake so, ba zan rufe ka ba.

Baba, wannan shawara ce kawai ta ɗa ga mahaifinsa, hukunci na wurinku. Ina roƙon dai a dakatar da maganar dillalin har mu yi waya. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, in sha Allahu, lokacin Yaya ma yana gida. Na tura masa kuɗin maganin hawan jinin Inna na wata uku, da ɗan goron Sallah na Goggo da na yara, a ciki a ba Malam na masallacin unguwa nasa. A gaida Kawu da mutanen Zariya in sun zo yawon Sallah. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku na Duisburg