Cire kan batir ba ya shirya mota don gwajin hayaƙi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili mu yi wa masu motoci da 'yan'uwanmu kanikawa bayani kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojin Birnin Kebbi, Jega, Argungu har Yawuri. Wutar cek, wato fitilar gargaɗin matsalar injin, ta kama a dashbod, sai a cire kan batir na 'yan mintuna a mayar, ko a jona na'urar sikanin a goge lambobin laifin da kwamfutar motar ta ajiye. Wuta ta mutu, mai mota ya biya ya tafi da murna. Alhali ba a gyara komai ba, an ma ƙara masa wani aikin, domin duk wurin gwajin hayaƙin da ake jona kwamfuta a jikin mota, wannan gogewar ce za a fara gani. Tun 2011 Najeriya take da dokar hayaƙin motocin fetur da na dizal a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma cibiyoyin gwajin mota da kwamfuta sun daɗe da buɗewa a Legas da Abuja. Gara mu koyi abin tun bai ƙure mana ba.

Motocin Amurka daga samfurin 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da tsarin da ake kira OBD-II. Alamarsa ita ce soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Birenbos, wato kwamfutar injin, na irin waɗannan motoci yana yi wa sassan da ke rage hayaƙi jarrabawa da kansa yayin da ake tafiya, ya rubuta wadda ya gama da wadda bai gama ba. Uku daga cikin jarrabawar kullum suna gudana muddin injin na aiki: ta tsallen wuta a silinda, ta rabon mai da iska, da ta lafiyar wayoyi da sensoci. Waɗannan ba su cika ba da wahala ba. Masu wahalar su ne waɗanda sai an cika musu sharuɗɗa: ta indomin salansa, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi, wadda na'ura ke nunawa da CAT, ta sensar iskar oksijin da hitarta, O2S da HTR, ta tururin fetur na tanki, EVAP, sai EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, ga motar da ke da shi. Da zarar an cire batir ko an goge lambobi, duk waɗannan suna komawa “INC” ko “Not Ready”, wato ba a gama ba. Inda aka ga “N/A”, motar ce ba ta da wannan sashen tun daga kamfani, babu abin damuwa. A ƙa'idar da yawancin jihohin Amurka ke bi, motar 1996 zuwa 2000 ana yafe mata biyu da ba su gama ba, ta 2001 zuwa sama kuwa ɗaya tak.

Kafin a ce za a fita hanya, sai an gyara abin da ya kunna wutar. Birenbos ba ya yarda ya gwada indomi idan sensar oksijin ko hitarta na da laifi, ko injin na tsallen wuta, domin da sensocin yake yin awon. Saboda haka wanda na'ura ta nuna masa lambar laifi P0135 ko P0141 ya fara duba fiyus da wayar hita kafin ya sayi sabuwar sensa. Mai P0300, lambar tsallen wuta, ya duba fulogi da kwail. Mai P0171, wato iska ta yi wa mai yawa, ya nemi inda iska ke satar shiga, ya wanke sensar awon iskar da ke shiga injin wadda ƙurar hunturu ta rufe, ya auna ƙarfin famfon mai. A kuma duba lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda na'ura ke nunawa a ƙarƙashin “Pending”, don suna iya tsayar da jarrabawa ko da wuta ba ta kama ba. Batir ma a auna shi: wajen volt 12.6 in mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki. Batirin da ke faɗuwa ƙasa sosai lokacin tayarwa, ko kan da ya saki yana motsi a kan gargada, yana iya goge ƙwaƙwalwar birenbos ba tare da kowa ya sani ba. Sai ka ga mutum ya yi ta yawo yana ƙona mai, jarrabawa na komawa farko.

Babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har injin ya yi ɗumi. An ɗauka cewa zafin ƙasarmu ya sa ba a bukatarsa, sai a cire shi a jona fanka kai tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli. Tamostat na yawancin Toyota yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma an ƙera injin ya yi aiki a tsakanin 85 da 95 ko kusa da haka. Idan babu shi, a kan babbar hanya da sassafe ruwan lagireto ba ya kaiwa nan. Birenbos yana ganin injin bai gama ɗumi ba, sai ya ci gaba da zuba mai da yawa, ya jinkirta ko ya ƙi fara jarrabawar indomi da ta EGR, a motoci da dama kuma ya jefo P0128. Mai ya tafi a banza, fulogi ya yi baƙi, indomi ya toshe da wuri. Motar da ke zafi, laifin yana ga lagireto da ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko fanka, ko gasket. A nemo shi a can, a mayar da tamostat, a bar fanka ta riƙa tashi da umarnin birenbos.

Na biyu shi ne indomi. Ana fasa shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, su filatinam, faladiyam da rodiyam. Wani da sanin mai mota, wani kuma a ɓoye. Ga yadda birenbos ke ganewa. Akwai sensa a gaban indomi, akwai wata a bayansa. A motoci masu sensa ta gargajiya, ta gaba tana hawa da sauka da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9, ta baya kuwa ya kamata ta tsaya kusan wuri ɗaya, wajen 0.6 ko 0.7, saboda indomi mai lafiya yana riƙe oksijin. Idan an fasa shi, sai ta baya ta fara kwaikwayon ta gaba, daga nan P0420 ya fito. Babu tuƙin da zai gyara wannan. Ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a janye sensar baya daga bakin hayaƙi yaudara ce kawai: wataƙila wuta ta mutu, amma in aka zura bututun awo a salansa hayaƙin zai tona asiri, kuma yaran da ke tsaye a bakin titi shi suke shaƙa.

To, an gyara, an goge lambobi sau ɗaya. Yanzu sai tuƙin da zai ba birenbos damar yin jarrabawarsa. Kowane kamfani da nasa tsari, kuma wanda ke cikin littafin motar shi ne gaba, amma akwai na gama-gari da ke yi wa motoci da yawa aiki. Fetur ya kasance tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na tanki. A bar mota ta kwana a kashe, aƙalla awa takwas, ta yadda zafin ruwan injin da na iskar waje za su zo kusan ɗaya, bambancin kada ya wuce digiri 6. Kada a murɗa makulli a bar shi a kunne kafin tayarwa. A tayar, a bar ta a sulo minti biyu zuwa uku da iyakwandishan da fitilu a kunne, a nan ake gwada hitar sensa. Sai a kashe su a hau hanya, a taka totur a hankali har kilomita 80 a awa, a riƙe nan minti uku zuwa biyar ba tare da wasa da ƙafa ba. Daga nan a ɗage ƙafa gaba ɗaya, ba birki, ba kuloci, ba canza giya, a bar ta ta sauko da kanta zuwa 30. Motoci da yawa a wannan saukowar suke gwada EGR da sensar baya. A sake hawa 80, a riƙe minti biyar zuwa goma don indomi, a sake sakin ƙafa. A ƙarasa da tuƙin cikin gari na kwata awa, da tsayawa a sulo nan da can. Masu motar Amurka su lura agogonsu da mil yake ƙirga: 50 shi ne kilomita 80, 20 kuma wajen 32.

Wannan tuƙi ba na cikin gari ba ne. A nemi miƙaƙƙen wuri a hanyar Kalgo zuwa Jega ko ta Argungu, nesa da ƙauyuka, kuma a je mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da na'ura. In shanu ko ɗan kabu-kabu ya gitta, a taka birki. A sake wannan matakin daga baya, abin da aka riga aka gama ba ya gogewa.

EVAP ce ke ƙarewa daga ƙarshe, kuma a nan yanayinmu yake shigowa. Motoci da yawa ba sa fara wannan jarrabawa in zafin waje ya haura wajen digiri 35, ga shi kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi da rana yana wuce 40. Don haka a fita bayan sallar asuba. Lokacin hunturu ya fi kowane sauƙi. Mai sayen galan ɗaya wurin 'yan bumburutu, allura kullum a ja, ba zai taɓa ganin ta gama ba, haka ma mai cika tanki har baki, wanda ke jiƙa tukunyar gawayin da ke tsotse tururin. Murfin tanki kuma a duba robarsa, a murɗa har ya yi ƙas-ƙas. P0455 da P0442, lambobin yoyon tururi, sau da yawa daga nan suke. Toyota da yawa daga wajen 2005 suna yin wannan gwaji ne bayan an kashe mota da kamar awa biyar, da wani ɗan famfo a kusa da tanki. In ka ji ƙugi a ƙarƙashin mota da tsakar dare, shi ne, kada a kira riwaya ya yanke wayar. Mota mai lafiya takan gama duka cikin 'yan kwanaki na tuƙin gari da na hanya. Wadda ta yi mako tana maƙale a jarrabawa ɗaya, akwai sharaɗin da bai cika ba, sai a koma kan na'ura a duba zafin ruwa da motsin sensoci, kada a sake gogewa.

Masu sayen Beljiyam daga Kwatano ko a hannun dillalan gida, wannan ilimin ku ya fi amfana. A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: dole wutar cek ta kama, in ba ta kama ba an cire ƙwan ko an liƙe shi. Sannan a jona ko da ƙaramar na'urar nan ELM327 mai haɗuwa da waya. In jarrabawa da yawa na kan “INC”, kwanan nan aka goge. Yawancin motoci ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar. Motocin Amurka daga 2010 kuma suna ajiye lambobin dindindin da cire batir ba ya taɓa su, sai birenbos ya sake jarrabawar ya gamsu da kansa.

Kiranmu ga 'yan'uwa masu gareji: in za a canza batir, a jona ƙaramin batir ta soket ɗin OBD ya riƙe ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda aka goge wa lambobi a rubuta masa su a takarda tukuna, a gaya masa ya dawo bayan kwana uku zuwa biyar a duba jarrabawar kafin ya nufi wurin gwaji.

Wassalam.

Daga wasu kanikawa da masu aikin wayar mota,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.