Rahoton kwamiti: an gama ginin masan masallaci da makarantar allo

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai, da ƴan uwa na nan garin Kusiri a Kamaru da waɗanda suka turo nasu daga Njamena da Garwa. Alhamdulillahi aikin masai ya ƙare, ƙofa 4 ne, biyu na maza biyu na mata, ɓangaren mata mun juya shi bayan katanga yadda iyayenmu mata suka nema.

Wasu sun so a yi irin na zamani mai jan ruwa, to amma kun san famfonmu, yau ya zo gobe babu, ga kuɗin motar yasa duk sanda ya cika, aljihun unguwa ba zai ɗauka ba. Shi ya sa muka tsaya kan mai rami biyu. Ana shiga ɗaya, in ya cika a rufe shi da toka da ƙasa a koma ɗayan, bayan kamar shekara 2 abin ya bushe ya zama taki, a kwashe da shebur ba wari.

Inda muka sha wuya shi ne ƙasar. Kusa da kogin Logone muke, ana haƙa kaɗan ruwa ya tsatso, kuma ba wanda ya manta ambaliyar 2022 da ta 2024 yadda masai suka cika suka tumbatsa cikin lungu yara na tafiya a ciki ba takalmi, wallahi abin da ya tashe mu tsaye kenan, amai da gudawa ba wasa ba ne. Don haka ba mu zurfafa ramin ba, birkila ya ɗaga ginin sama da bulo da siminti aka yi matakala, muka kuma bar tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya. Kowane rami da bututun iska har saman kwano, an ɗaure raga a bakinsa, ƙuda in ya bi haske ya hau nan zai maƙale.

Samari ne suka yi haƙa da jidar yashi kyauta, Allah ya yi musu albarka. Lissafin kuɗi yana manne a bangon masallaci, kowa ya duba.

Dan Allah kar a zuba leda, tsumma ko ruwan wanki a rami, yana cika shi da wuri. Makulli yana wajen ladan. Saura kuɗin sabulu da buta na wata-wata, Juma'a bayan la'asar za mu zauna da Bulama, mai unguwarmu, a kai.